Yadda ake auna tasirin mai bincike a fannin ƙididdigar wurare da lafiyar muhalli

Wata ɗaliba da ke zaune a Gadarif, a gabashin Sudan, wadda ta kammala digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma, ta aiko da tambaya. Tana neman malamin da zai duba mata aikin digirin digirgir a kan taswirar cutar kala'azar, wato zazzaɓi mai tsawo da ke kumbura saifa, wanda cizon wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa, kuma malamai biyu sun nuna za su karɓe ta. Na farko yana wata jami'a a Saudiyya, maƙalunsa suna da yawa ƙwarai, kuma adadin ambaton ayyukansa a Google Scholar, shafin intanet da ke ƙirga sau nawa wasu suka ambaci rubutun mai bincike, ya ninka na ɗayan sau da dama. Na biyu rubutunsa kaɗan ne, amma ya daɗe yana aiki da ma'aikatun lafiya a gabashin Afirka. Tana so ta san yadda ake gane tasirin mai bincike a wannan fanni, da kuma ko waɗannan alƙaluma sun isa ta dogara da su.

'Yata, Allah Ya yi miki albarka, Ya sa wa karatunki albarka. Alƙaluman da kika gani suna da amfani, amma ba su isa ba. A fanninmu, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wannan: wace shawara ce wata hukumar lafiya ta yanke dabam da yadda da za ta yanke, saboda aikin wannan mutum? Ina aka kai magani, ina aka haƙa rijiya, ina aka dakatar da rabon ƙwaya, wace doka aka sauya? Idan kika samu amsar wannan, kin samu mafi yawan abin da kike nema.

Bari in fara da alƙaluman, tun da su ne suka fara ɗaukar hankalinki. Ma'aunin da ake kira h, masanin fiziya Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ne ya fito da shi a 2005. Idan aka ce ma'aunin h na mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowacce daga cikinsu aƙalla sau 20 a rubutun wasu. Yana nuna cewa mutum ya daɗe yana rubutu kuma ana karanta shi, kuma wannan abu ne mai daraja. Sai dai ma'aunin ba ya raguwa ko da mutum ya bar bincike shekara goma, ba ya bambanta wanda ya yi aikin da hannunsa da wanda aka saka sunansa a tsakiyar jerin marubuta, kuma ba ya sanin ko an ambaci maƙala don yabo ne ko don a nuna kuskurenta. A manyan nazarin nauyin cututtuka na duniya da mujallar Lancet take bugawa, sunayen marubutan maƙala guda kan kai ɗaruruwa, kuma kowannensu yana kwasar dubban ambato daga ita kaɗai. Haka kuma masu rubutu a likitanci sun fi masu rubutu a lissafi yawan ambaton juna da saurin yinsa, don haka gwada adadin likita da na masanin ƙididdiga zalunci ne ga na biyun. Lamarin ya kai har kamfanin Clarivate, mai fitar da jerin masu binciken da aka fi ambato a duniya, ya cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerinsa na 2023 saboda maguɗin ambato da ya gano. Tun kafin nan masana suka yi ta gargaɗi, a sanarwar San Faransisko ta 2012 da kuma ƙa'idoji goma na Leiden da mujallar Nature ta buga a 2015, cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa.

Kafin ki iya karanta aikin, dole ki riƙe dalilin da ya sa fannin ya samu. Ƙididdigar da ake koyarwa a ajin farko tana ɗauka cewa kowane ma'auni zaman kansa yake yi, babu ruwansa da na kusa da shi. A ƙasa kuwa ba haka abin yake ba. Ƙauyuka biyu da ke shan ruwa daga magudana ɗaya a aikin noman rani na Jazira da ke Sudan suna tarayya a dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, saboda haka wanda ya ƙidaya su a matsayin shaidu biyu masu cin gashin kansu ya ba kansa tabbacin da bai samu ba. Masanin labarin ƙasa Waldo Tobler ya faɗi wannan a 1970, cewa komai yana da alaƙa da komai, amma abubuwan da ke kusa sun fi na nesa alaƙa. Hanyar hasashen abin da ke wurin da ba a auna ba ta samo asali ne daga ma'adinan zinariya na Afirka ta Kudu, inda injiniya Danie Krige ya yi aikinsa a 1951, sannan Georges Matheron a Faransa ya gina mata tushen lissafi. Julian Besag na Ingila ya kafa tsarin da ya shafi yankuna masu maƙwabtaka a 1974, kuma maƙalarsa ta 1991 tare da York da Mollié ita ce har gobe ake dogara da ita wajen zana taswirar cuta gunduma-gunduma. Besag bai yi suna da yawan rubutu ba, amma da wuya ki buɗe wani kundin digirgir a wannan fanni ba ki tarar da shi a ciki ba.

Misalin da na fi son ɗalibai su yi nazari a kansa shi ne na tsutsar ido, wadda masana ke kira Loa loa, domin ya nuna yadda lissafi yake taɓa ran mutum kai tsaye. Tun 1987 kamfanin Merck yake ba da maganin ivermectin kyauta don yaƙi da makantar kogi, kuma a 1995 aka kafa shirin Afirka na yaƙi da cutar, wanda ya riƙa raba ƙwayar ga al'umma gaba ɗaya, ƙauye bayan ƙauye. Sai aka lura a Kamaru cewa mutanen da jininsu ya cika da 'ya'yan tsutsar ido, idan suka sha wannan magani, wasunsu kan samu matsala a ƙwaƙwalwa, su suma, wasu ma su rasu. Shirin ya kafa ƙa'ida cewa duk inda masu ɗauke da tsutsar suka wuce kashi 20 cikin 100, sai an ɗauki matakan kariya kafin rabo. Matsalar ita ce ƙauyukan dubbai ne, kuma ba a da kuɗi ko ma'aikatan da za su ɗebi jini a kowane ɗaya.

Peter Diggle na Jami'ar Lankasta da abokan aikinsa suka ɗauki sakamakon gwajin jini daga wasu ƙauyukan Kamaru da kudancin Nijeriya, suka haɗa shi da tsayin ƙasa da kuma ma'aunin koren ciyayi da tauraron ɗan'adam yake aikowa. Hikimar aikin tana cikin abin da suka zaɓa su zana. Maimakon taswirar da ke cewa ga adadin masu cutar a kowane wuri, sai suka zana taswirar da ke nuna yiwuwar cewa wurin ya haura kashi 20 ɗin nan. Da wannan, jami'in lafiya yana ganin wuraren da kusan tabbas sun haura, da waɗanda kusan tabbas ba su kai ba, da kuma na tsakiya inda lissafi ya amsa cewa bai sani ba, a je a ƙara gwaji. Wannan yanki na uku shi ne ya fi kowanne amfani, domin shi ne yake gaya wa hukuma inda za ta kashe ɗan kuɗin da take da shi. An buga aikin a 2007 a wata mujallar cututtukan ƙasashe masu zafi wadda ba ta cikin manyan mujallun da ake alfahari da su, kuma daga baya, a 2011, aka fitar da taswirar tsutsar ido da aka gina a kan binciken ƙauyuka 4,798 a ƙasashe 11, ciki har da Sudan. Idan kika ƙirga ambaton waɗannan maƙalu, ba za su kama ƙafar maƙala guda daga manyan nazarin Lancet ɗin nan ba, alhali da su aka tsara rabon magani ga miliyoyin mutane. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai, in ji magabata.

A ɓangaren gurɓacewar iska, nazarin birane shida na Jami'ar Harvard ya ƙara wani darasi. Douglas Dockery da abokansa sun bi rayuwar mutum sama da 8,000 a biranen Amurka shida, suka buga a 1993 cewa yawan mace-mace a birnin da ya fi gurɓacewa ya fi na birnin da ya fi tsabta da kashi 26 cikin 100. A 1997 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa iyaka ga ƙananan ɓurɓushin iska da ake kira PM2.5. Masu masana'antu suka yi ca a kan binciken, aka miƙa bayanan ga wasu masana dabam, suka sake lissafi daga tushe, kuma a 2000 suka tabbatar da sakamakon. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da take ba da shawara a kai na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne aikin da ya jure wa binciken wanda ba ya ƙaunarsa ya fi aikin da abokai suka yi ta ambato. Don haka ki duba ko malamin yana sakin bayanansa da rubutun lissafinsa na kwamfuta don wani ya sake gwadawa.

Yanzu mu dawo gida, ga cutar da kike son yin aiki a kanta. Jihar Gadarif tana cikin wuraren da kala'azar ta fi ƙamari a duniya, kuma al'ummarmu da ke ƙauyukan bakin kogin Rahad da Atbara sun san ta sani na haƙiƙa. Farfesa Dia-Eldin Elnaiem da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙaramin ƙwaron da ke yaɗa ta, Phlebotomus orientalis, yana da alaƙa da dazuzzukan dushe da aduwa, da kuma baƙar ƙasar nan mai tsattsagewa da rani. A 1999 suka fitar da taswirar inda ƙwaron zai iya rayuwa a Sudan, sannan a 2003 suka buga taswirar haɗarin cutar a gabashin ƙasar, inda suka nuna cewa yawan ruwan sama da tsayin ƙasa suna cikin abubuwan da suka fi bayyana bambancin ƙauye da ƙauye. Duk wanda zai duba miki aiki, ya kamata ya san waɗannan ayyuka, ya kuma iya gaya miki abin da ya rage ba a yi ba.

Ki ɗauki maƙalu uku na kowane malami, waɗanda sunansa ya zo na farko ko na ƙarshe a cikinsu, ki karanta su da ido uku. Na farko, daga ina bayanan suka fito? Mafi yawan abin da muke da shi a kan kala'azar daga rajistar cibiyoyin jinya yake zuwa, kuma rajista tana rubuta wanda ya iso ne kawai. Ƙauyen da ke kusa da asibiti zai bayyana kamar ya fi kowa ciwo, ƙauyen da hanyarsa ke yankewa da damina kuwa zai bayyana lafiya lau, alhali mutanensa a gida suke mutuwa. Ga kuma 'yan ƙwadagon da ke zuwa aikin riɗi da dawa a manyan gonaki, suna kwana a fili, ƙwaron ya cije su a wuri ɗaya, ciwon ya bayyana bayan watanni a wani wuri dabam, a rubuta su da sunan garinsu na asali. Mai binciken da ya san aikinsa zai faɗi wannan a fili, ya kuma nuna yadda ya gyara lissafinsa saboda shi. Wanda ya zuba rajista a kwamfuta ya fito da taswira mai launi ba tare da ko ambaton nisan asibiti ba, taswirar hanyoyin mota ya zana ba tare da ya sani ba.

Na biyu, a kan wane adadin jama'a ya raba? Wannan shi ne ciwon da ke damun duk mai aiki a Sudan a yau. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2008, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Ke da kanki kin ga yadda Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira bayan da yaƙin ya kai birnin Wad Madani a Disambar 2023. Idan masu cuta suka ƙaru a wata mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, shin haɗarin ne ya ƙaru, ko mutanen ne suka ninka, ko kuwa baƙin da suka zo ba su da garkuwar jiki irin ta 'yan gari? Amsoshi uku ne, kuma kowacce tana buƙatar mataki dabam. Akwai kuma matsalar ƙananan adadi: a ƙauye mai mutum 300, mara lafiya uku sun zama kashi ɗaya cikin ɗari, idan aka ƙara uku sai a ce cutar ta ninka, alhali yana iya zama sa'a ce kawai ta shekara. Domin irin wannan ne tsarin Besag yake aron ƙarfi daga maƙwabta kafin ya yanke hukunci a kan ƙaramin wuri.

Na uku, kuma shi ne na fi matsa wa ɗalibaina a kansa, shin ya zana rashin tabbas ɗinsa? Taswira tana da kwarjini. Da zarar an shimfiɗa ta a teburin kwamishina, jan launi ya zama gaskiya, kore ma ya zama gaskiya, ba wanda yake tambayar ƙauyuka nawa aka ziyarta a ƙarƙashin wannan koren. Mai bincike na gari yana ajiye taswira ta biyu kusa da ta farko, mai nuna inda hasashensa yake da rauni, kuma yana ɓoye wani ɓangare na bayanansa ya gwada ko tsarin zai iya hasashensu daidai. A wurina, wannan batu ne na amana kafin ya zama na fasaha, domin koren da aka zana bisa jahilci yana iya hana ƙauye magani.

Akwai wani nau'in tasiri da alƙaluman ambato ba sa kamawa sosai, wato kayan aiki da koyarwa. Martin Kulldorff ya buga hanyar gano tarin cuta a wuri guda a 1997, ya kuma saki manhajar SaTScan kyauta. Ma'aikatar lafiya ta birnin New York tana amfani da ita kullum don lura da ɓullar cututtuka, kuma jami'in da ya kunna ta da safe ba maƙala yake rubutawa ba balle ya ambaci kowa. A nan ne zan yi wa Saudiyya adalci, kada ki ɗauka ina karkatar da ke daga gare ta. A Jami'ar Sarki Abdallah ta Kimiyya da Fasaha da ke Suwal, arewa da Jidda, akwai Håvard Rue, wanda hanyar lissafinsa ta INLA, da aka buga a 2009, ta mayar da aikin da kwamfuta ke kwana tana yi ya zama na mintuna. Akwai kuma Paula Moraga, wadda littafinta na 2019 a kan taswirar bayanan lafiya yake a intanet kyauta, kuma ina ba ki shawara ki fara aiki da shi tun yanzu, ko wane malami kika zaɓa. Yawan ambato yana iya zuwa tare da aiki na gaske, kuma sau da yawa haka ne. Abin da nake hana ki shi ne ki tsaya a kan adadin ba ki leƙa bayansa ba.

Sai kuma batun ɗalibai, wanda ya fi shafar ki fiye da duk abin da na faɗa a baya. Ki nemi sunayen waɗanda suka gama a hannun kowane malami, ki ga ko sunansu ne yake zuwa na farko a maƙalun da suka fito daga kundinsu, ki ga inda suke aiki yanzu, sannan ki rubuta wa biyu daga cikinsu ki tambaye su sau nawa malamin yake zama da su. Ki duba kuma maƙalun da ya rubuta a kan ƙasashen Afirka: ina sunayen 'yan ƙasar suke? Mun daɗe muna ganin ma'aikatanmu suna shiga rana suna tattara bayanai, a kwashe a kai waje, maƙala ta fito sunansu yana cikin godiya kawai, kuma ma'aikatar da ta ba da rajistarta ba ta ga ko kwafin taswirar ba. Malamin da ya saba mayar da sakamako ga hukumar da ta ba shi bayanai, cikin harshen da jami'anta za su fahimta, shi ne zai koya miki abin da Gadarif take buƙata daga gare ki.

Bisa abin da kika bayyana, zuciyata ta fi karkata ga malami na biyu, da sharaɗin maƙalunsa su tsallake tambayoyi ukun nan, kuma ya kasance yana da ƙarfi a lissafin kansa ko yana aiki da wanda yake da shi. Sanin ma'aikatu ba ya maye gurbin sanin ƙididdiga, kuma kundin da lissafinsa ya yi rauni ba zai amfani kowa ba komai kyawun niyyar mai shi. Idan jami'o'in biyu sun yarda da duba aiki na haɗin gwiwa, ki nemi hakan, ɗaya ya riƙe miki lissafi, ɗayan ya riƙe miki fili. Ki aika wa kowannensu shafi biyu da ke bayyana matsalar rajistar asibiti da ta ƙaurar jama'a kamar yadda kike ganinsu a Gadarif, ki tambaye shi yadda zai tunkare su. Wanda ya dawo miki da tambayoyi a kan bayananki ya fi wanda ya dawo miki da jerin maƙalunsa.

Abu na ƙarshe da za ki tambaye su shi ne yadda za a kare sirrin wuraren da za ki auna. Aikinki zai tara lambobin da ke nuna daidai inda gidaje da ƙauyuka suke, wani lokaci har da ƙabilar mazaunansu, kuma a ƙasar da ake yaƙi, wadda rikicin ƙabilanci na jihar Bulu Nayil na 2022 bai gushe daga zukatan mutanenmu ba, irin wannan bayani yana iya faɗawa hannun da bai kamata ba. Shirin binciken lafiya da yawan jama'a na DHS yana gusar da lambobin wurare da gangan kafin ya sake su, har zuwa kilomita 2 a birni da kilomita 5 a mafi yawan wuraren karkara, kuma akwai hanyoyin lissafi da ke la'akari da wannan gusarwa. Ki tabbata an rubuta irin wannan tsari a takardar neman izinin da za ki kai wa kwamitin ɗa'ar bincike, an kuma fayyace wanda zai riƙe asalin bayanan da inda za a ajiye su, tun kafin ki ɗauki na'urar GPS ki shiga ƙauye na farko.